Muhammadu Marwa Maitatsine: Tarihin Rayuwarsa da Zamansa da Mutanen Gari

Gabatarwa

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 1982, mutanen Kaduna suka wayi gari da labarin faɗa a Rigasa tsakanin 'yan sanda da wasu mutane da ake kira 'Yan Tatsine. Tun daga Kawo har zuwa Kakuri da Makera a ƙetaren kogi hankalin jama'a ya tashi, gama ba a manta da abin da ya auku a Kano shekara biyu kafin nan ba. Mutumin da ake wannan faɗa da sunansa kuwa ya riga ya mutu tun watan Disamba na 1980, har ma an ƙone gawarsa. Shi ne Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine.

Yawancin abin da ake faɗa game da wannan mutum ya tsaya ne a kan kwanakin ƙarshe na rayuwarsa, watau kwanakin yaƙi. Alhali kuwa ya yi kimanin shekara talatin da biyar yana shiga yana fita a birnin Kano kafin yaƙin. A cikin waɗannan shekaru an yi masa dariya, an ɗaure shi, an kore shi, an nemi taimako wurinsa, an kau da kai daga gare shi, sa'an nan daga bisani aka yaƙe shi, aka ce ba a san shi ba. Tarihin rayuwarsa, saboda haka, tarihi ne na yadda gari yake zama da mai bauɗaɗɗen ra'ayi, da kuma abin da ke faruwa idan zaman ya lalace.

Asalinsa da Zuwansa Kano

Marwa gari ne babba a arewacin Kamaru, kuma da sunan garin aka san shi, kamar yadda Bahaushe ya saba laƙaba wa baƙo sunan garinsu. Kafin zuwan Turawa ƙasar Marwa tana ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa ne, watau tana cikin daular Sakkwato. Ƙasa ce da ta daɗe da sanin masu da'awar gyara addini. A Balda, kusa da Marwa, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kafa sansaninsa, ya kuma yi mubaya'a ga Mahadin Sudan a farkon shekarun 1880, daidai lokacin da ƙarni na goma sha huɗu na Hijira yake kamawa.

Wajen shekarar 1945 ne Muhammadu Marwa ya iso Kano. Zuwansa bai zama abin kallo ba, domin Kano ta saba karɓar irinsa. Birni ne na kasuwa da karatu, kowace rani malamai da almajirai suna kwararowa daga Barno da Damagaram da Adamawa, su sauka a zaurukan masu hali ko a rumfunan bayan gari. Ba a tambayar baƙo takarda. Idan ya iya karatu ya kafa allo, idan ya iya magana ya kafa wa'azi.

Marwa ya shiga sahun da ake kira gardawa. A tsarin makarantar allo yaro yakan fara da zama ƙolo, ya zama titiɓiri, sa'an nan ya zama gardi, watau baligin almajiri wanda ya yi nisa a karatun Alƙur'ani amma bai kai alaramma ba. Gardi yakan ci da kansa ta hanyar ɗinkin hula, ko wankinta, ko yankan farce, ko kwaɓin ƙasa wurin gini. Wasu gardawan kuma sukan tsaya bakin kasuwa da dare su yi fassarar ayoyi da Hausa, a taru a saurare su, a ba su sadaka. Irin wannan wa'azi na gardawa ba ya bin littattafan tafsiri sosai, yana cike da zambo da habaici, kuma manyan malaman zaure ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. A wannan fage Marwa ya fara yin suna.

Asalin Laƙabinsa

Laƙabin nan Maitatsine abin lura ne ga mai nazarin harshe. Marwa yakan rufe maganarsa da tsinuwa ga duk wanda bai yarda da abin da ya faɗa ba. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa Hausa ba harshensa na farko ba ce, don haka idan ya ambaci sunan Allah a cikin tsinuwar yakan sa lamirin mace, watau ta, a gurbin da Bahaushe zai sa ya. Wannan tuntuɓen harshe sananne ne ga waɗanda suka tashi da Fulatanci, wanda shi ne harshen hulɗa a ƙasar Marwa, gama Fulatanci bai raba namiji da mace a lamiri ba. Sai mutanen Kano suka haɗa mai da ta da tsine, suka yi masa suna. Mabiyansa kuma suka zama 'Yan Tatsine.

Akwai wani suna da aka riƙa kiran su da shi, watau 'yan ƙala-ƙato. Ƙala daga Larabci take, ma'anarta ya ce. Ƙato kuwa a nan yana nufin wani mutum kawai wanda ba shi da wata daraja. Sunan yana nuni ne ga yadda suke ɗaukar duk wata ruwaya da ba Alƙur'ani ba a matsayin faɗar wani ƙato. Ya kamata a sani cewa wannan suna ya fi Marwa faɗi, gama akwai masu ra'ayin tsayawa ga Alƙur'ani kaɗai da dama waɗanda ba su taɓa bin sa ba, ba su kuma taɓa ɗaukar makami ba.

Sunayen nan biyu duka na ba'a ne, kuma mutanen gari ne suka raɗa su. Wannan yana nuna matakin farko na zaman Marwa da Kanawa: sun ɗauke shi abin dariya, baƙon da ko Hausa bai gama iyawa ba.

Hukuncin Sarki Sanusi

Ba'a ta ƙare sa'ad da wa'azin Marwa ya fara taɓa sarakuna da alƙalai da malaman fada. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1953 zuwa 1963, En'e tana da 'yan doka da kotuna da gidan yari, kuma kowane mai unguwa ya san baƙon da ya kwana a unguwarsa. Shi kansa Sarkin malami ne, ba ya wasa da sha'anin wa'azi. A shekarar 1962 aka gurfanar da Marwa gaban alƙali, aka ɗaure shi wata uku, sa'an nan aka mayar da shi Kamaru.

A nan akwai abin da ya kamata a tsaya a duba. A daidai wannan zamani akwai wani sabon abu da ake jayayya a kansa a Arewa, watau ƙabalu, wanda mabiyan Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha suka yawaita yi a salla, alhali abin da aka gada shi ne sadalu. A lardin Sakkwato an ɗauki wannan a matsayin baƙon abu, har aka yi tashe-tashen hankula a kansa a shekarun 1950. A Kano kuwa Sarki Sanusi da kansa almajirin Shehu Inyas ne. Ke nan abin da yake gefe a Sakkwato shi ne yake tsakiya a Kano, kuma yau ga mai ƙabalu ga mai sadalu a sahu ɗaya ba wanda ya damu. Abin da ya sa wannan jayayya ta iya lafawa shi ne, ɓangarorin biyu suna da littattafai ɗaya. Kowa yana kawo hujja daga hadisi da fiƙihun Malikiyya, abokin jayayyarsa yana iya buɗe littafin ya duba. Marwa ba shi da irin wannan dandali tare da malaman gari, kuma hukuncin 1962 bai nemi kafa masa hujja ba. An kawar da shi ne daga ido kurum.

Komowarsa da Bunƙasarsa a 'Yan Awaki

A 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta tilasta wa Sarki Sanusi yin murabus, ya koma Azare da zama. Ba a daɗe ba Marwa ya sulalo ya dawo Kano. Ya tarar da gari yana sakewa. Bayan juyin mulkin 1966 da ƙirƙiro jihohi a 1967, gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa rage musu iko. Idon da ya gan shi a 1962 yana nan, amma hannun da ya kama shi ya shanye. A cikin shekarun 1970 hukuma ta sake kama shi saboda wa'azinsa, ya yi zaman kurkuku, ya fito ya ɗora daga inda ya tsaya. A cikin waɗannan shekaru ne kuma ya je aikin Hajji kamar kowane Musulmin Kano.

Ya kafa zangonsa a unguwar 'Yan Awaki, kusa da Ƙofar Wambai, a tsakiyar hada-hadar birni. Almajirai suka yi ta taruwa, daga ɗaruruwa har suka kai dubbai. Dalilin wannan taruwa yana cikin halin da ƙasa ta shiga. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya kori mutanen karkara daga gonakinsu, a Nijeriya da Nijar da Chadi. Kuɗin man fetur kuma ya shigo birane, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, farashin abinci ya tashi. Mai albashi ya sayi babur da rediyo, ɗan kwangila ya sayi marsandi, gardi kuwa sai ya ga sana'o'insa suna kuɓuce masa. Ginin bulo da siminti ya ture ginin ƙasa. Sabon gidan mai kuɗi ba shi da zauren da baƙo zai kwana, sai ƙofar ƙarfe da maigadi. A 1976 aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, takardar boko ta zama mabuɗin kowane aiki, wanda ya yi shekara goma sha biyar a kan allo aka lissafa shi cikin jahilai.

Marwa ya ba irin waɗannan samari abinci da wurin kwana, ya kuma ba su bayanin halin da suke ciki. Ya koya musu cewa su ne Musulmin ƙwarai, masu motoci da benaye kuwa su ne ɓatattu. Ya haramta agogo da rediyo da keke da mota da tara kuɗi fiye da bukatar yini. Ga wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, wannan koyarwa ta mayar da rashinsa abin alfahari.

Inda Ya Rabu da Jamhurun Malamai

Sukar masu dukiya da masu mulki ba sabon abu ba ne a wa'azin ƙasar Hausa. Waƙoƙin wa'azi na masu jihadi cike suke da zargin duniya, kuma 'yan NEPU sun yi shekaru suna sukar sarakuna a kan dandamali. Da a nan Marwa ya tsaya, da ya zama ɗaya daga cikin masu zafin baki da gari ya saba da su. Amma ya wuce nan. Ya yi watsi da hadisi da fiƙihu, ya hana karanta kowane littafi in ba Alƙur'ani ba, kuma fassarar Alƙur'anin ma sai wadda ta fito daga bakinsa. Mabiyansa suka ware sallarsu, suka daina bin limaman gari, suka ɗauki sauran Musulmi a matsayin kafirai. Shaidun da aka gabatar bayan yaƙi sun nuna cewa wajen 1979 ya kai ga da'awar annabci da taɓa darajar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wannan kuwa iyaka ce da babu wani ɓangare na Musulmi da zai yarda a ƙetare ta.

Shekarar ma abin lura ce. A watan Nuwamba na 1979 ƙarni na goma sha biyar na Hijira ya kama, lokacin da mutane da yawa ke sauraron bayyanar mujaddadi ko Mahadi. A ranar farko ta shekarar 1400 ne Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka mamaye Masallacin Ka'aba, kuma a farkon 1979 aka yi juyin juya hali a Iran. Iskar da ke kaɗawa a duniyar Musulmi ta iso har lungunan Kano.

Domin a gane matsayin Marwa sosai, sai a gwada shi da wata ƙungiya da ta taso a lokaci guda. A Kaduna Shaihu Abubakar Mahmud Gumi yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello, gidan rediyon Kaduna yana watsawa, yana sukar wasu ayyukan ɗariƙu. A 1978 aka kafa ƙungiyar Izala a Jos ƙarƙashin Malam Isma'ila Idris. A farkonta mutane da yawa sun ɗauke ta baƙuwar aƙida, an yi rigingimu a masallatai, an raba aure da zumunci. Duk da haka jayayyar Izala da 'yan ɗariƙa jayayya ce ta masu littafi. An yi ta rubuce-rubuce da raddi da muƙabala, kowane ɓangare yana jawo aya da hadisi da maganganun magabata. Izala ta kuma karɓi rediyo da kaset da makarantar zamani, ta sami 'yan boko da 'yan kasuwa. Cikin shekaru kaɗan ta zama ɗaya daga cikin manyan rukunan Musulmin Arewa, da masallatanta da makarantunta da 'yan agajinta. Marwa kuwa ya rushe gadar da za a bi a yi jayayya da shi, gama wanda ya ƙi littafin da kowa ya yarda da shi ba a da inda za a kafa masa hujja.

Kau da Kai da Cin Moriya

Kada a ɗauka cewa laifin yankewar nan na Marwa ne shi kaɗai. Manyan malamai sun raina shi, suna ganin gardi bai kai a zauna a yi masa raddi ba, ga shi kuma hankalinsu ya tafi ga rigimar Izala da ɗariƙa. Samarin da ke kwana a 'Yan Awaki ba su sami wanda ya bi su da wani karatu ko wata sana'a ba. Bugu da ƙari, Marwa ya yi suna wajen tsibbu, kuma an daɗe ana faɗin cewa wasu masu hali da masu neman muƙami suna zuwa wurinsa neman laya da addu'a. Wanda ake zagi da rana ana neman sa da dare ba ya jin tsoron kowa.

Maƙwabtansa su ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Almajiransa suka riƙa ƙwace filaye da gidaje suna faɗaɗa zango, suna tare hanya, suna dukan 'yan sandan da suka zo kama masu wa'azi ba da izini ba. Mutanen unguwa sun yi ta kai ƙara. Amma daga Oktoba 1979 mulkin Kano ya rabu uku. Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ɗan jam'iyyar PRP ne, 'yan sanda suna ƙarƙashin gwamnatin tarayya ta Shugaba Shehu Shagari na NPN, fadar Sarki Ado Bayero kuma ba ta jituwa da gidan gwamnati. Kowane ɓangare yana jiran ɗaya ya ɗauki nauyin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Disamba 1980

Ran 26 ga Nuwamba 1980 Gwamna Rimi ya aika wa Marwa takarda, ya ba shi mako biyu ya rushe gine-ginen da ya yi ba bisa ƙa'ida ba ya tashi. Wa'adin ya cika ba a yi kome ba, Marwa kuwa ya aika a kira mabiyansa daga garuruwa. Ran Alhamis 18 ga Disamba 'yan sanda suka je filin Shahuci, kusa da Babban Masallacin Juma'a, domin su hana taron wa'azinsu. 'Yan Tatsine suka far musu da wuƙaƙe da adduna da kwari da baka, suka kashe wasu, suka ƙone motoci, suka ƙwace bindigogi. Daga nan faɗa ya bazu zuwa Fagge da Ƙofar Wambai da kewayen 'Yan Awaki. 'Yan sanda suka yi kwanaki suna fafatawa ba su ci nasara ba, gama mutanen da suke fuskanta sun gaskata cewa harsashi ba ya cin su, kuma ba su tsoron mutuwa.

Daga ƙarshe gwamnatin tarayya ta sa soja. Aka yi ruwan wuta a kan zangon, ya zuwa 29 ga Disamba aka murƙushe shi. Marwa ya sami rauni, ya mutu a hannun mabiyansa suna gudu da shi, suka binne shi a bayan gari. Hukuma ta tono gawar, aka ɗauki hotonta domin jama'a su tabbata ya mutu, daga baya aka ƙone ta don kada kabarinsa ya zama wurin ziyara. Lissafin hukuma ya nuna mutum 4,177 ne suka rasu. A cikinsu akwai mabiyansa, da mutanen unguwa da aka rutsa da su a gidajensu, da kuma almajirai da baƙin da 'yan tauri da sauran masu ɗaukar doka a hannu suka kashe bisa zato kawai.

Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Anthony Aniagolu, ya miƙa rahotonsa a 1981. A wannan lokaci kowa ya nemi wanda zai jingina wa fitinar. 'Yan siyasa suka zargi juna, ƙungiyoyin addini suka nuna wa juna yatsa, wasu suka ce hannun ƙasashen waje ne. Maganar da ta fi daɗin faɗa ita ce, Marwa baƙo ne ɗan Kamaru. Amma mafi yawan waɗanda aka kama 'yan Nijeriya ne, 'ya'yan ƙauyukan Arewa, baƙin cikinsu kuwa akasari daga Nijar suke, watau Hausawa ne da maƙwabtansu da suka saba zuwa ci-rani tun kaka da kakanni.

Bayan Mutuwarsa

Waɗanda suka tsira daga 'Yan Awaki suka watsu cikin garuruwa, suka sauka a inda irinsu ke sauka, watau unguwannin gefen birni. Kaduna tana cikin garuruwan da ke jan irin waɗannan mutane. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, sa'an nan kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, kudancin kogin ya zama matattarar masu neman aiki daga ko'ina. Wanda ya sami shiga masaƙa ya sami albashi da ƙungiyar ƙwadago da za ta yi magana da yawunsa. Wanda ba shi da takarda kuwa sai ya tsaya a bakin ƙofa yana dako ko ga-ruwa, ya kwana a unguwannin da ba su da hanya ba su da famfo. A 1982 farashin mai ya faɗi, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, har na cikin masaƙar ma suka fara jin jiki.

A watan Oktoba na wannan shekara aka yi wa da yawa daga cikin waɗanda aka tsare tun 1980 afuwa. Kafin watan ya ƙare faɗa ya tashi a Bulumkutu, gefen Maiduguri, cikin 'yan kwanaki kuma ya tashi a Rigasa, aka rasa rayuka da dama. Gwamnati ta haramta ƙungiyar, a Janairu 1983 kuma ta kori baƙin da ba su da takardun zama, mafi yawansu mutanen Ghana waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wannan bai hana faɗan Jimeta a 1984 ƙarƙashin Musa Makaniki ba, bai kuma hana na Pantami a Gombe a 1985 ba. A 1984 gwamnatin soja ta Jihar Kaduna ta kafa dokar da ta wajabta neman izini kafin yin wa'azi, dokar da yunƙurin sabunta ta a 2016 ya jawo doguwar muhawara tsakanin gwamnati da shugabannin Musulmi da na Kirista.

Masana sun yi saɓani a kan fassarar al'amarin. Paul Lubeck ya ɗora nauyin a kan yadda arzikin mai ya karya rayuwar gardawa. Mervyn Hiskett ya ga cewa 'yan ci-rani ne ƙashin bayan tafiyar fiye da almajiran allo na gaskiya. Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello kuwa ya jawo hankali ga yadda masu iko ke juya addini domin biyan bukatunsu. 

Kammalawa

Ƙasar Hausa ta daɗe tana ganin masu fitowa da abin da ya saɓa wa na jama'a, kuma ƙarshensu bai zama ɗaya ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa sun yi hijira zuwa Gudu a 1804 suna 'yan tsiraru da Sarkin Gobir ke kora, cikin 'yan shekaru koyarwarsu ta zama ma'aunin da ake auna kowa da shi. Malam Hamza ya bar ƙasar Kano ya shige duwatsun Ningi a shekarun 1840. Mutanen Satiru an shafe garinsu a 1906. Masu ƙabalu da 'yan Izala an yi musu kallon baƙi, yau suna cikin masu gari.

Rayuwar Muhammadu Marwa ta nuna abubuwa biyu da ke yanke wa irin wannan tafiya hukunci. Na farko, ko mai sabon ra'ayin ya bar wata hujja da shi da jama'a suka yi tarayya a kanta, wadda za a zauna a yi jayayya bisa gare ta. Marwa bai bari ba. Na biyu, ko jama'ar gari sun kula da mutanen da ke taruwa a bayansa tun kafin su zama runduna. Kano ba ta kula ba, ta bar shi shekara da shekaru tsakanin ba'a da kora da cin moriya. Allon da ya koyar da shi, da wa'azin bakin kasuwa, da layar da aka saya a hannunsa, da samarin da suka mutu a gabansa, duk na ƙasar nan ne. An ƙone gawarsa a Kano, amma yaran da ake turowa birni da allo da ƙoƙo ba tare da mai kula da cinsu da kwanansu ba har yanzu suna nan a Kano da Kaduna da sauran biranen Arewa.